Kuba

Shekara talatin ina yankan makulli a Panteka,
zarto a hannu, ƙarfe a bakin matsi,
garin tagulla ya tare a ƙarƙashin farcena
har ruwan alwala ya gaji da korarsa.

Barira tana da shekara tara
take zama kan gwangwanin fenti a gefena
tana yi wa ƙawarta zaurance don kada in ji.
Na ce, me kuke ɓoyewa?
Ta ce, Baba, in na faɗa ai ƙofar ta buɗe.

Sai ranar da aka kwashe kuɗin Iya Marka mai atamfa.
Ba a fasa shago ba.
Kwaɗon da na sayar mata yana rataye, lafiyarsa ƙalau.
Ta waya ɓarawon ya shigo, da sallama, da ladabi.
Na riƙe kwaɗon nan, kunya ta hana ni ɗaga kai.
Barira ta ce, ba laifin ƙarfenka ba ne,
ƙofar ce ta tashi daga inda ka san ta.

Su uku suka fara, a ɗaki ɗaya a Tudun Nupawa:
ita, da Kazah ɗan Zonkwa, da Lurwanu mai tabarau.
Kwamfuta biyu, ɗayar ma ta aro,
da janareto mai tarin tsohon mashayin taba.
Suna ya gagare su. Na ce ku sa Kuba.
Suka yi dariya, washegari na gan shi a jikin allo.

Na tambaye ta aikin. Ta ce zaurance ne, Baba,
amma na lissafi:
mu dagula saƙo kamar zaren da kaza ta bi ta kai,
ba mai warware shi sai mai riƙe da bakin zaren.

Matan adashi na Kasuwar Barci suka fara ba su amana,
sai wani ƙaramin asibiti a Barnawa
da ba ya son ciwon mutane ya zama hirar shayi.

A damina ta uku aka haura musu katanga.
Kwana biyu ba ta ci ba.
Lurwanu ya ce a toshe ramin a yi shiru, wa zai sani?
Ta ɗauki lema ta bi su gida-gida,
ta ce ga abin da ya faru, ga inda muka yi sakaci.
Rabi suka janye. Lurwanu ya hau jirgin ƙasa.
Kazah ya sayar da babur ɗinsa aka biya haya.
Ni dai na san tsiyar kwaɗo:
wanda bai taɓa shan guduma ba, ba a san ƙarfinsa ba.

Waɗanda suka tsaya su suka kai labari.
Wani banki ya aiko, sai makarantu, sai 'yan fansho.
Yau suna Kakuri, cikin tsohuwar masaƙa
inda ƙanena ya yi aiki har aka kashe injuna.
Mutum saba'in da wani abu.
Yara daga Kawo, daga Sabon Tasha, daga Rigasa,
kowa ya sunkuya yana saƙar da ba a ɗaurawa.
Rufin ya daina yoyo. Tantabarun dai sun ƙi tashi.

Ran Laraba ta zagaya da ni.
Wani ɗaki mai sanyi kamar randa,
akwatuna na ƙifta ido kore.
Na ce, to ina makullin naki, in gani?
Ta ce lamba ce, in ka fara karanta ta da asuba
azahar za ta same ka a hanya.
Na ce makullin da ba ya ƙara a aljihu,
ni ban yarda da shi ba tukuna.

Da za mu fita sai ta laluba jaka.
Ƙofar ɗakin ƙarfe ce, da kwaɗo a jikinta.
Na san haƙoran nan.
Na uku ya ɗan karkace,
ranar ina fama da mura na yanke shi.