Adashen Laka

Da jijjifi na tuƙa ta, Malama Lubabatu,
ita da bututunta mai ɗaukar ido kamar kwalba.
Tafkin Kware a nan bai kai ƙirji ba,
gora kan taɓa ƙasa tun rabinta bai jiƙe ba.

Ta soka, ta danna, ta zaro
kamu biyu na laka a tsaye.
Sama ja-ja, tsatsa-tsatsa, kaurin ɗan yatsa,
ƙasa baƙi ƙirin, warin ƙwan da kaza ta guda.
Ta ce, "Nomau, ga littafinku."
Na ce ban yi boko ba.
Ta ce, "Ai ku kuka rubuta."

Ta ɗora farce a wani zare:
"Wanga, shekarar da taki ya yi arha."
Na tuna.
Babana Arzika, buhu shida a amalanke,
muka watsa wa albasa ba awo.
Daren nan aka saki ruwan rafi,
kafin asuba fadama ta wanke fes.
Muka ce asara. Muka ce ruwa ya ci.

Ashe ruwa bai ci ba,
ajiya ya kai wa laka.

Fosfaras ta kira shi.
Ba ya bin hayaƙi, ba shi da fiffike,
inda ya faɗa nan ne gidansa.
Tsatsar nan ta sama ita ke damƙe da shi,
muddin ruwa yana numfashi.

Sai bazara ta sauka irin tamu,
wadda kan sa kare ya manta haushi.
Tafki ya yi ɗumi kamar ruwan jego,
dare ya tsaya cik, ko kainuwa ba ta motsi.
Can ƙasa numfashi ya ƙare,
tsatsa ta saki hannu,
laka ta buɗe bakin jaka.

Gansakuka ce ke kwasa.
Kwana uku, ruwa ya koma miyar kuka.
Karfasa ta taso baki buɗe
tana roƙon iska a wurin sama,
yara na tsinta da hannu suna murna,
ni kuwa na san kamun da ba koma
ba arziki ba ne.

Gansakuka ta ƙoshi, ta mutu, ta nutse,
ta mayar da zubi.
Tarwada ta bi tana tono da gashin baki,
ta tada abin da ya kwanta.
Adashe ke nan da ba mai fita,
uwar adashe ba ta mutuwa, ba ta mantuwa.

Na ce, "To in mun daina?"
Ta daɗe tana goge bututu.
"Ku daina ɗin.
Amma za ta ci gaba da biya,
wataƙila har ɗiyarka ta ga jika."

Na sauke ta a gaɓa.
Albasata na nan, taku goma daga ruwa,
rabin buhu na jirana a bukka.
Yau da gwangwanin madara na auna,
na tona, na rufe, na ja kunya ta tare gangare.

Na yi alwalar azahar sau biyu,
lakar ba ta bar ƙarƙashin farcena ba.