Rigar Hannu na Uku

A Kaunas, ƙarfe ɗayan dare,
Jurgita na ƙarƙashin fitilar kicin
tana liƙa duwatsun gilashi ɗaya-ɗaya
a rigar da mata biyu suka riga ta sawa.
Ta farko ta ci kofi da ita,
ta biyu ta bar mata tabon jan-baki a wuya.

Algirdas ya ce a manta da otal.
Motar ƙanensa ta ishe su kwana,
shayi a fulas, baƙin burodi.
Malami awa ɗaya tak a wata,
sauran a zauren makaranta
bayan mai shara ya tafi,
suna ƙirga ɗaya-biyu-uku da baki
don rediyon ya mutu tun bara.

Wai iya kuɗinka, iya shagalinka.
Ita dai shagalinta ya fi kuɗinta.

Ranar gasa, lamba tamanin da huɗu a bayansa,
da fil huɗu na aro.
Alƙalai ba sa tambayar rasit.
Ana tsakiyar wals dutse ɗaya ya faɗi,
ta ji ƙararsa,
ta wuce tana murmushi,
zuciyarta na cewa: senti ashirin.