Takardar Da Ta Tsufa A Aljihu

Ni ne mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari,
rumfa ta uku in ka baro masu goro.
Shekara ashirin da shida ina gyara wa mutane lokaci,
nawa ya zube ban ji ƙararsa ba.

Ranar da na ci jarrabawar alamomin hanya
kwana aka yi ana ruwa.
Na shiga ofis da taɓo har idon sawu,
na fito da takarda mai shuɗin hatimi.
Na san alamar kwana, na san ta gada,
na san ja tsayawa ce ko babu kowa a titi.
Jami'in ya ɗora bakin biro a ƙasan takardar,
ya ce, Baba, ka ga wannan kwanan watan?
Kafin ya cika ka zo a ga hannunka a sitiyari,
in ya wuce, sai ka koma benci
kamar ba ka taɓa zuwa ba.
Na ce, ɗana, da lokaci nake cin tuwo.
Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Don Larai na fara.
Gwiwarta ta daina yarda da acaɓa,
ga 'yarmu tana aure a Samaru.

Malam Sallau ke koya mini
a tsohuwar Fijo mai alamar ɗan koyo gaba da baya.
Saki kuloci, in ji shi, kamar mai sauke kwandon ƙwai.
Kwana tara muna zagaya fili ɗaya,
awaki har sun daina guduna.
Rana ta goma Larai ta faɗi a bakin murhu.

Daga nan hanya ɗaya na sani,
Kwangila zuwa Shika, Shika zuwa Kwangila,
a bayan motar wani,
ina karanta alamomi ta taga
kamar mai bitar abin da ba za a tambaye shi ba.
Kuɗin koyo ya shige kantin magani.
Masara ta yi goyo, aka karye ta.
Azumi ya zo, ya tafi.

Ita ce ta tsinto takardar
ranar da hannunta ya fara iya wanki,
a aljihun rigar Juma'a, ta yi laushi kamar ganye.
Ta ce, Malam, karanta mini wannan.
Na karanta.
Kwana goma sha ɗaya da wucewa.

Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo.
Ilimi tumatir ne da zai ruɓe a kwando?
Abin da na sani bara, wa ya kwashe shi?
Sai autana Mamuda ya jawo littafin,
ya rufe rubutun da yatsa, ya nuna mini zane:
Baba, wannan fa?
Na duba. Na cire tabarau, na goge, na mayar.
Na san na taɓa saninsa,
kamar fuskar wanda kuka yi makwabtaka a Tudun Wada
sunan ya ƙi zuwa baki.

Agogon da ba a yi wa wani
ba ya lalacewa, tsayawa yake yi.
Sau nawa na faɗa wa masu kawo gyara?

Gobe zan koma benci
tsakanin yaran da na haifi kamarsu.
Larai ta goge mini hula,
ta ce in an buga sabon kwanan wata
kada in ba aljihu ajiya.
Na sayi alli.
A ƙyauren rumfa zan rubuta shi da manyan baƙi,
inda duk mai kawo mataccen agogo
zai tambaye ni, Malam, ranar mece ce wannan?