Bashin Babana

Kwana tara da binne Baba
na tsinci takarda a aljihun kwat ɗinsa:
sunaye huɗu, da rubutun nan nasa mai kama da tonon kaza.
Inna ta ce, “Mashayu ne. Je ki biya,
kada a ce Nibaldo ya tafi da nauyin mutane.”

Valparaiso gari ne da aka rataye a jikin tudu,
mai zuwa biyan bashi sai gwiwarsa ta fara biya.

Ta farko ba ta da allon suna,
sai koriyar ƙofa a gindin matakala
da baƙin kare kwance a bakinta kamar shi ya gina.
Daɓen yana riƙe takalmi, ba ya son a tafi.
Eduvigis ta lashi yatsa, ta buɗe littafi,
ta rufe.
“Famfon can shi ya gyara, sau uku.
Har yau yana ɗiga, amma ya gyara.”
Ta nuna mini kujerarsa mai gajeriyar ƙafa,
an tokare ta da kwalin ashana.
Ban zauna ba.

Ta biyu tana bakin tashar jiragen ruwa,
inda 'yan dako ke sauke gajiya a kan kanta.
Warin albasa, warin gishirin teku, warin jiya.
Agogon bango ya tsaya a huɗu saura kwata,
ba wanda ya kai ƙararsa.
Rediyo na ihun ƙwallo, ana zaginsa kamar ɗan gida.
Baldomero ya dube ni da idonsa mai gani, ya ce,
“Kuɗin na yafe. Labari nake binsa.
Ya fara ba mu na wani jirgin ayaba da ya ɓata a hazo,
ya ce sai Asabar zai ƙarasa.”
Suka zuba mini ido, su bakwai.
Ban san ƙarshensa ba.
Na ce jirgin ya iso lafiya.
Wani tsoho ya buga tambulan a kanta: “Ƙarya ne!
Nibaldo ba ya barin jirgi ya iso.”
Na yi dariya, ta farko tun ranar asibiti.

Ta uku ta mutu kafin shi.
Yanzu gilashi ne da fitilu farare,
ana sayar wa baƙi gahawa a kofin takarda.
Na tsaya da kuɗina a hannu
kamar mai sallama a kango.

Ta huɗu can ƙolin Playa Ancha,
inda iska ke kwashe magana daga baki.
Tebur uku, kyanwa ɗaya, tukunya na tafasa.
Tun ban ce uffan ba Ermelinda ta ajiye ludayi.
Ta sauko da gwangwani daga bayan kwalabe,
sulalla suka yi kuka a ciki.
“Nan ba ya cin bashi, ajiya yake yi.
Ya ce wata rana 'yata za ta zo,
fuska a ɗaure irin ta uwarta,
ki ba ta miyar kifi, ki ƙara mata burodi,
kada ki karɓi ko sisi.”

Na zauna.
Miyar ta yi gishiri, ko ni na ƙara mata, oho.

In kun zo garinmu, ku wuce masu kiran ku da haske.
Ku nemi inda kare ya tare ƙofa,
inda ake rubuta sunan mutum da fensir
a manta da gogewa.
In kun biya ta wajen Baldomero,
ku ce masa na yi tunani:
jirgin yana nan cikin hazo,
ayabar ta nuna,
Asabar ina tafe.