Gudu a Shagon Wanki

A Ramsgate, hawa biyu daga bakin teku,
akwai shagon wankin Beryl Tapsell.
Shekara saba'in da tara, gwiwa ta ƙi,
sai da sanda take kaiwa ƙofa,
amma ka tambayi sana'arta
ta ce ita ke gudu da shagon.
Na dubi kujerarta, na dubi sandar, na haɗiye magana.

Makon farko na sha wuya.
"Famfo na gudu," in ji ta. Na leƙa,
yana nan a bango, ruwa ne ke zuba.
Hancin jikanta Reece ma wai gudu yake,
alhali yana daram a fuska, majina ce kawai.
Jar safa ɗaya ta ɓuya cikin fararen rigunan wani lauya,
ta ɗaga su, duk sun yi ruwan hoda.
"Launi ya gudu."
Zuwa ina, baiwar Allah? Ga shi nan ko'ina.

Sabulu in ya ƙare, mu ne muka gudu daga cikinsa.
Mai kawo kaya in ya makara, gudu yake a makare.
Ta gamu da Noreen a layin burodi,
ta dawo tana cewa ta ruga ta faɗa cikinta.
Na ce, an ji ciwo?
Ta yi dariya har tabarau ya zame.
Taurin kai kuwa gudu yake a danginsu,
daga kaka zuwa jika, ko haki ba ya yi.

Kalmar a bakinta "ran" take fita,
ni kuma kunnena na gida ne:
ina jin ran Talata, ran biya,
ina jin ran mutum in ya ɓaci.

Hoto ɗaya ke bayan akwatin kuɗi.
Graham ne, uban Reece.
Ya bar bashi, ya bar yaro cikin zanen goyo,
ya hau jirgin asuba da jaka guda.
Duk garin nan shi kaɗai ya yi gudu da ƙafa,
shi kaɗai kuma ta hana wa kalmar.
"Ya ɗan fita," take cewa,
shekara tara ke nan.

Jiya ta dawo daga asibiti
da takarda a ninke huɗu.
"Likita ya ce lokacina na gudu, ya kusa fita."
Na buɗe baki, Turanci ya tsere mini,
Hausa ma ta tsaya a maƙogwaro.
Tsuntsayen teku na ta ihu kan kwano.
Ta miƙo makulli ba tare da ta dube ni ba.
"Kar ka kashe inji na uku,
bargon Noreen ne a ciki.
Bar shi ya gama gudunsa."