Damfa da Damfara

A filin tsohuwar masana'antar sukari, bayan garin Bydgoszcz,
inda ciyawa ta tsaga siminti ta leƙo,
nan na ɗaga tayar gaba wata Asabar,
na sauke ta a ɗan karkace,
karkacewar da ba ta kai faɗin yatsa ba.
Sai kan babur ya ce bai san ni ba.
Hagu, dama, hagu, dama,
ƙarfe na marin tanki kamar mai bin tsohon bashi,
hannuwana biyu suka zama na aro.
Daƙiƙa uku. Daga baya na ƙirga su,
a gadon asibiti, kafaɗa a ɗaure.

Ashe wadda na sayo a kasuwar Lahadi,
mai ruwan gwal, zuloti ɗari da hamsin,
ba damfa ba ce, damfara ce.
Harafi biyu ne tsakaninsu,
a cikin biyun nan na bar wata huɗu.

Da ƙanƙara ta fara narkewa na je garejin Bogumila,
wadda ta yi shekara talatin da sufana a aljihu.
Ba ta yi mini jaje ba.
Ta ɗage gaban babur, ta girgiza wuyansa,
ta ce, "Leszek, boris ɗinka ya ci,
iskar taya ma ba daidai take ba.
Gyara waɗannan tukuna.
Damfa ba ta rufa wa rago asiri."

Sannan ta miƙo mini tawa, ta ce in rufe ido.
Na tura sandar a hankali cikin manta.
Tauri, tauri, sai wayam a tsakiya,
rami kamar gurbin haƙori.
"Iska ce," in ji ta. "Nan ka faɗa."

Ta miƙo wata, baƙa, duk ƙarzuna,
ba ta da kyan da za a ɗauke ta hoto.
Na tura. Tafiya ɗaya tun daga fari har ƙarshe,
kamar cokali cikin zuma.
Na fizga da ƙarfi, ta cije.
Na lallaɓa, ta sakar mini hanya.
"Haka ake so: ta ƙi garaje, ta yarda da lallami.
Kai mai zagaye kan taya ɗaya ne,
in ta hana kai kaiwa maƙura
ka sayi mari ne da kuɗinka.
Auna tsawon sandar. Dubi maƙalinta,
noti ɗaya in ya yi wasa, sauran duk labari.
Kuma tambayi mai sayarwa ko ana buɗe ta,
a sauya roba, a sauya mai.
In ya yi shiru, kai ma yi gaba."

Ban zaci sauran gwaji ba.
Ta jefa ta firiza, gefen kabeji da kifi,
ta ce in dawo da safe.
Sanyin ƙasarmu ba ya barin mai da halinsa.
Da safe sandar ta yi nauyi kaɗan, ba ta sandare ba.
Na sayar da gitata, na biya.

Yau na koma filin.
Na murɗa ɗan maɓallin, ƙas, ƙas, har bakwai.
Totur, kuloci, sama ta matso.
Na sauke tayar, da gangan a karkace.
Kan ya kaɗa sau ɗaya,
irin na dattijon da bai yarda da magana ba,
ya yi shiru.

Na tsaya bakin katanga, na cire hular kwano.
Babur lafiya lau, injin na huci.
Hannuwana ne ke ta rawa bisa gwiwa,
kuma na duba ko'ina a kantar Bogumila,
su babu tasu.