Ɗakin Shawara a Iloilo

Ɗalibai dubu biyu, Malama Perpetua ita kaɗai:
hannu ɗaya, ga jinka.
Ofishinta tsohon ma'ajin tsintsiya,
fanka tana juyi kamar mai gyangyaɗi.

Ta miƙa wa Rodelio takarda:
jinya, aikin jirgin ruwa, ɗan sanda.
"Zaɓi ɗaya, na bayanka suna jira."

Ya kifa takardar,
ya zana injin kwalekwalen babansa,
wanda ya tayar daga suma sau uku
da wayar keke da haƙuri.

Ta daɗe tana duban baƙin mai a farcensa.
A waje, layi ya kai gindin mangwaro.

"Wannan ba ya cikin jerin," in ji ta.
Sai ta cire murfin biro da haƙori,
ta ƙara shi a ƙasa.